Ajin da ba ya buƙatar fanka



Duk malamin da ya taɓa riƙe alli a makarantar gwamnati ya san cewa a watan Afrilu karatun gaskiya kafin a tashi tara ake yin sa. Da an dawo, rana ta ɗaga, sai kwano ya fara ƙas-ƙas a sama, zafi ya riƙa sauka kan yara kamar an kife su da tanda. Na baya sun ɗora kai kan benci, na gaba suna fifita da littafin rubutu, malam kuwa ya ja kujera bakin ƙofa yana neman inda iska za ta ɗan taɓa shi. Na taɓa leƙa wata firamare wajen ƙarfe 12 da rabi, na tarar ajujuwa uku sababbi fil, fentinsu ko bushewa bai gama yi ba, amma babu kowa a ciki. Yaran duka suna gindin darbejiya, an jingina allo da kututture. Na tambayi shugaban makarantar dalili, ya yi murmushi ya ce in shiga in zauna minti biyar. Ban kai biyar ɗin ba.

Wannan gini da yara suka guje wa, kuɗin jama'a aka zuba aka yi shi, an yanka kirtani, an ɗauki hoto. Shi ya sa yau nake so mu tattauna a kan yadda ake gina sababbin makarantu, da abin da masana ke kira gini mai tsimin makamashi, wato ginin da ke sanyaya kansa ya kuma haskaka kansa ba tare da ya sha wuta da man janareto ba, wanda kuma ba a ƙona duniya wajen haɗa kayansa.

Kada wani ya ɗauka zafin aji ƙorafin ragwaye ne. A Amurka an yi wani babban bincike da aka wallafa a 2020, inda aka bi sakamakon jarrabawar ɗalibai kimanin miliyan 10. Aka gano cewa shekarar karatun da ta fi zafi tana rage abin da yaro ke koya, kuma a makarantun da ke da na'urar sanyaya ɗaki wannan asara kusan ɓacewa take yi. Can ke nan, inda zafinsu wasan yara ne idan aka kwatanta da bazarar Sakkwato ko Maiduguri. A watan Maris na 2024 sai da gwamnatin Sudan ta Kudu ta rufe makarantun ƙasar baki ɗaya saboda zafi. Wata guda bayan haka, a garin Kayes na ƙasar Mali, ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5.

To, me muke ginawa? A firamare da sakandare, zane ɗaya ne ake ta kwafa daga ƙaramar hukuma zuwa ƙaramar hukuma: bulon siminti mai rami, kwano a kwance daf da kan bango, silin na kwali idan an yi sa'a, tagogin ƙarfe da ake kullewa don tsoron ɓarayi. A jami'o'i kuma an koma wani sabon yayi na lulluɓe bene da gilashi tun daga ƙasa har sama, kamar an ɗauko shi daga wata ƙasa mai dusar ƙanƙara, inda mutane ke roƙon rana ta shigo musu ɗaki. Irin wannan gini ranar da aka ɗauke wuta, ko kuɗin dizal ya ƙare, ba ya zaunuwa. Ka ga farfesa da babbar riga ya fito baranda yana duba takardun jarrabawa.

Batun hayaƙin da ke ɗumama duniya kuwa, gini hanya biyu yake fitar da shi. Akwai wanda yake fitarwa kullum muddin ana amfani da shi, ta fitila da fanka da na'urar sanyi da janareto. Akwai kuma wanda aka riga aka fitar tun kafin yaro ko ɗaya ya taka ƙofar, kuma mafi yawansa daga siminti ne da ƙarfe. Siminti dutsen farar ƙasa ne ake gasawa a zafin da ya kai digiri 1,450. Man da ake ƙonawa yana fitar da iskar kabon, shi kansa dutsen idan ya gasu yana sakin tasa, har ma ta fi ta man yawa. Kowane tan na siminti yana barin fiye da rabin tan na wannan iska a sararin samaniya, kuma masana'antar siminti ita kaɗai ke da alhakin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa.

Na san wani zai ce, mu ina ruwanmu? Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, waɗanda suka ɓata su gyara. Maganarsa tana kan hanya, ni ma ba zan ce a hana ɗan talaka aji don a ceci ƙanƙarar Turai ba. Sai dai a wannan fage an yi dace, abin da ke rage hayaƙi shi ne dai abin da ke rage wa yaro zufa, ya rage wa makaranta kuɗin mai. Wanda ya fi kowa nuna haka a aikace kuwa maƙwabcinmu ne.

Sunansa Francis Kere, an haife shi a 1965 a ƙauyen Gando da ke ƙasar Burkina Faso, tafiyar kimanin kilomita 200 daga Wagadugu. Ɗan sarkin ƙauyen ne. A lokacin babu makaranta a Gando, don haka yana ɗan shekara 7 aka tura shi garin Tenkodogo. Ajin da ya zauna a can irin namu ne sak: bulon siminti, ba iska, ba haske, yara sun kai ɗari a cunkushe. Ya koyi kafinta, ya sami tallafin ƙaro sani a Jamus, ya yi karatun dare har ya shiga jami'ar fasaha ta birnin Balin yana koyon zanen gine-gine. Tun yana ɗalibi ya kafa wata ƙungiya a 1998, yana bin abokan karatunsa suna tara ɗan abin da ya sawwaƙa, don ya gina wa ƙauyensu makaranta.

Da ya dawo gida da kuɗi a hannu, mutane suka yi murna. Da ya ce da laka zai yi ginin, murna ta koma ciki. Suna ganin ina amfanin tura yaro Turai shekara da shekaru ya dawo ya ce a kwaɓa ƙasa, abin da kowace damina sai ta cinye, kowane rani sai an yi yaɓe? Kuma ba su yi ƙarya ba, sun san laka fiye da shi. Shi kuwa bai tsaya musu da baki ba. Ya ɗauki jar ƙasar wurin, ya zuba mata ɗan siminti kaɗan, ya matse ta da injin hannu ta zama bulo, ya jefa ɗaya cikin bokitin ruwa aka bar shi kwanaki. Aka ciro shi yana nan daram. Daga baya ma, duk lokacin da ya zo da sabuwar dabara, sai ya gina samfuri ya hau kansa shi da ma'aikatansa suna tsalle a gaban jama'a, don kowa ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

A 2001 aka gama makarantar, ajujuwa uku a jere, da rumfuna a tsakaninsu. Maza suka buga bulo, yara suka kwaso duwatsun harsashi, mata suka ɗebo ruwa, suka yi daɓen ƙasa suka goge shi da dutse har ya yi sumul, irin daɓen da iyayenmu mata suka sani.

Amma inda hikimar take shi ne rufin, kuma ina roƙon magina da birkiloli da ke saurare su kasa kunne nan. Kere bai ƙi kwano ba, ya san kwano ne ke kare laka daga ruwa. Abin da ya yi, ya raba kwanon da ɗakin. Ya yi wa ajin silin na bulon laka mai ƙananan kafofi, sannan ya ɗaga kwanon can sama a kan ƙafafun rodi, irin rodin da ake sa wa kankare, aka bar fili a tsakani iska na ratsawa. Ya kuma sa kwanon ya zarce bango sosai ta kowane gefe, kamar malafa a kan manomi. Rana ta doki kwano ya yi zafi, amma zafin ba ya isa kan yara, iskar da ke wucewa ta ƙarƙashinsa ta tafi da shi. Iskar cikin aji da ta ɗumama da numfashin yara, da yake iska mai zafi sama take yi, sai ta fice ta kafofin silin, wata sabuwa ta shigo ta taga ta maye gurbinta. Ɗakin yana numfashi da kansa, ba waya, ba makunni, ba takardar kuɗin wuta. Kuma duk ƙarfen nan da zarto da ƙaramin injin walda aka haɗa shi a wurin, domin babu hanyar da babbar mota mai ƙugiya za ta bi ta shiga Gando.

Akwai wata dabarar kuma wadda ko sisi ba ta ci, ita ce inda gini ya fuskanta. An shimfiɗa makarantar ta yadda dogayen bangayenta masu tagogi suna kallon kudu da arewa, gajerun kuma gabas da yamma. Hantsi da ranar la'asar, waɗanda ke shigowa a kwance su cika ɗaki, sai su tarar da ƙaramin bango marar taga. Ranar tsaka kuma tana bisa kai, malafar kwano ta tare ta. Mu a nan sau da yawa abin da ke yanke inda aji zai kalla shi ne titi, don mai wucewa a mota ya ga allon da aka rubuta sunan wanda ya kawo aikin.

Makarantar da ta fara da yara 120 ta kai tana ɗaukar 700 bayan an ƙara mata ajujuwa da gidajen malamai. A 2004 ta ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, a 2022 kuma aka ba Kere kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a wannan fanni, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya karɓe ta. Bai tsaya a Gando ba. A garin Kudugu ya gina wata sakandare mai suna Schorge da aka kammala a 2016, da dutsen marmara da aka yanko a yankin, wanda yake da laushi lokacin da aka haƙo shi, ya ƙanƙare idan ya sha iska. Ya yi mata hasumiyoyi da ke zuƙe zafi daga ajujuwa, ya kewaye ta da shingen itacen turare da ke ba da inuwa. Marmara kuwa ai ba baƙuwa ba ce a wajenmu, ita muke haƙa muna zubawa a titi.

A nan ne abin ke ɗan sosa mini rai, domin mu da muke da sarautar Sarkin Magina bai kamata a ce sai an zo daga Gando an tuna mana amfanin ƙasa ba. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da tubali da azara ya ɗaga waɗannan bakan gizo da masana daga ƙasashen duniya ke zuwa kallo. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ginin ƙasa ce, kuma tana nan tsaye har yau. Ashe manyan da muke rataye hotunansu a ajujuwan kwano, su a soro suka yi nasu karatun.

Kowa ya san halin soro. Katangarsa mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, ba ta bari ya ratso sai can da yamma. Shi ya sa da rana ɗakin ƙasa ke da sanyi, da daddare kuma a bazara ya riƙa amayar da abin da ya sha, har mutanen gida su fito tsakar gida da tabarma. Ga gidan kwana wannan aibi ne. Ga makaranta fa? Yara sun tashi tun azahar, da dare babu kowa sai maigadi. A bar ƙananan tagogin sama a buɗe, iskar asuba ta wanke zafin, da safe a tarar da aji a sanyaye. Kusan a ce babu ginin da laka ta dace da shi kamar makarantar jeka-ka-dawo.

Kuma an gwada a ƙasar Hausa, a zamanin nan. A ƙauyen Dandaji da ke jihar Tawa a Nijar, wata 'yar ƙasar mai zanen gine-gine, Mariam Issoufou Kamara, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, sun tarar da tsohon masallacin Juma'a na ƙasa ya fara lalacewa. Masallacin aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na garin Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Maimakon a rushe, sai aka gyara shi aka mayar da shi ɗakin karatu na ɗalibai da manya, aka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a gefensa da bulon ƙasa matsattse da aka haƙo a nan kusa. An gama a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma. Maginan gargajiya da injiniyoyin boko tare suka yi aikin, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa.

Nijar ɗin nan kuwa ta san tsadar rashin aji. A watan Afrilu na 2021 gobara ta tashi a ajujuwan zana a wata unguwa ta Yamai, yara kusan 20 suka rasu. A Nuwamba na shekarar, irin haka ta sake faruwa a Maraɗi, aka rasa yara fiye da 20, 'yan shekara biyar zuwa shida. Allah Ya jiƙansu. Ana yin rumfar zana ne don kuɗin siminti ya gagara, yara kuma kullum ƙaruwa suke. Tsakanin rumfar zana da ginin kankare akwai fili mai faɗi, kuma ƙasar da ake takawa a harabar makarantar tana cikinsa.

Kada in yi muku daɗin baki, hanyar tana da ƙaya. Bulon ƙasa yana son wanda ya san ƙasa. Idan yumɓu ya yi yawa ya tsage, idan yashi ya yi yawa ya marmashe. Yana son harsashin dutse ko kankare da zai ɗaga shi daga danshi, yana son rufin da zai kare shi daga feshin ruwan sama, kuma ba a gina shi a kwari inda ambaliya ke kwanciya. Kowace damina muna jin gidajen ƙasa sun rufta a kan mutane, wannan tsoron na gaskiya ne, ba a kore shi da hoton gini mai kyau. Sannan yana son kulawa, mu kuwa gyaran makaranta ba ya cikin abin da muka iya, mun fi gane a bari ta ruɓe a ba da sabuwar kwangila.

Kwangilar ma ita ce babbar ƙayar. Ɗan kwangila da buhu yake lissafi: siminti buhu kaza, rodi tan kaza, kwano bandir kaza, ribarsa tana cikin abin da ya sayo. Ginin da rabin kayansa a gindin makarantar za a haƙa, kuɗinsa kuma ya tafi aljihun leburorin ƙauye, ba ya burge shi. Jami'in da ke sa hannu shi ma zanen da ya gada a cikin fayil ya sani, wanda ba a taɓa tuhumar kowa a kansa ba. Nijeriya ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine tun 2017, wadda ta yi magana a kan girman tagogi da inuwa da kare rufi daga zafi. Ku zagaya makarantun da aka gina a unguwarku daga wannan shekara zuwa yau, ku duba da kanku ko ta isa can.

Wani abin da nake yawan ji kwanan nan shi ne a sa sola. Da an ce gini mai kare muhalli, sai hankali ya tafi kan faifan sola a bisa rufi. Sola alheri ce, ba na musu, makarantar da ke da kwamfuta da famfon burtsatse tana buƙatarta. Amma a gina tanda sannan a sayo faifai da batura don a kunna fankar da za ta riƙa juya iska mai zafi, wannan an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Baturi shekara nawa yake yi? Wa zai sayi sabo idan ya mutu? Ɗaga kwano taku biyu ko uku, juya gini ya kalli arewa, buɗe taga a bango biyu masu fuskantar juna, shafa wa rufi farin fenti, dasa darbejiya ta yamma tun ranar da aka haƙa harsashi, waɗannan a kan takarda ake yanke su, kafin a sauke tifar yashi ta farko, kuma ba sa lalacewa. Ko wanda ya nace sai bulon siminti zai iya yinsu duka. Bayan nan sai a kawo sola, za a ga 'yar kaɗan ta wadatar.

Kwamitocin iyaye da malamai, da masu unguwanni da ake kira su nuna fili, suna da bakin magana a nan fiye da yadda suke zato, domin su ne ke wurin ranar da ake buga turaku ana ja da igiya. Mutanen Gando ma ai ba kallo suka tsaya yi ba. Lokacin da aka zo ginin ɗakin karatu na makarantar, ana neman hanyar da haske zai shigo daga sama, zafi kuma ya fita, sai aka koma ga matan ƙauyen masu ginin tukwane. Suka ɗauko tukwanen ƙasa a ka suka kawo wurin aiki, aka yanke musu gindi da baki, aka jera su a silin aka zuba kankare a tsakaninsu. Ta bakin tukwanen nan haske ke saukowa ƙasa, da'ira-da'ira, yana matsawa a hankali yadda rana ke tafiya.